Ceto a Kan Kayak: Lissafin da Ake Yi Cikin Daƙiƙu

A ranar 7 ga Disamba, 2010, mutum uku suna tuƙa kayak a kogin Lukuga na ƙasar Kwango. Kayak ɗan siririn kwale-kwale ne mai cin mutum ɗaya, wanda mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara suka fara ƙerawa. Kwatsam sai wani ƙaton kada ya yunƙuro, ya fizge jagoransu, Hendri Coetzee ɗan Afirka ta Kudu, ya nutse da shi. Abokansa Amurkawa biyu, Ben Stookesberry da Chris Korbulic, suna ji suna gani. Ba su faɗa ruwan ba. Gaɓa suka nufa neman taimako. Har yau ba a ga gawarsa ba.

Mai jin labarin zai iya cewa sun yi tsoro. Masu koyar da ceto a koguna kuwa, abin da suke koyarwa ke nan: mai ceto ya fara duba ransa, sannan sauran tawaga, sannan wanda ruwa ya ɗauka. In ya afka ido rufe, masu neman ceto sun zama biyu, hannun taimako kuma ya ragu.

Shi ya sa ceton yake da matakai. Farko a daka wa mutum tsawa, a nuna masa inda zai nufa. In bai yiwu ba, a miƙa masa filafili. In ya yi nisa, a wurga masa jakar igiya daga gaɓa, ko a bi shi da jirgi. Shiga ruwa da jiki shi ne na ƙarshe.

Ruwa ba ya raga wa gwani. A shekarar 1975, 'yan kwana-kwana uku suka halaka cikin kwana biyu a wata gajeriyar madatsar ruwa a garin Binghamton na jihar New York. Biyu daga cikinsu gawar na farkon suka je nema. Ƙarƙashin irin wannan madatsa ruwan juyawa yake yi, ya tura mutum ƙasa, ya ɗago shi, ya sake mayar da shi, ko da yana sanye da rigar kariya.

Sanyi ma abin lissafi ne. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya nuna cewa wanda ya faɗa ruwa mai tsananin sanyi yana buƙatar minti 1 kafin numfashinsa ya daidaita, kuma yana da kamar minti 10 kafin hannuwansa su sandare. Wannan agogon yana bugawa a kan mai ceto ma.

Ita kanta igiyar takan ci mai ita. Wanda ya ƙulla ta a ƙugu, ruwa zai iya danne shi ƙasa ya kasa kwancewa. Saboda haka rigunan ceto suke da ɗamara mai ɓallewa da fizga ɗaya, kuma ƙwararrun matuƙa ba sa ɗaukar igiya sai da wuƙa maƙale a ƙirji.