Fiya-fiya a Buhun Wake, Illa a Hanjin Mai Ci

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya, bayan gwaji ya nuna yana ɗauke da sinadarin dichlorvos fiye da kima. Sinadarin nan shi ne a cikin maganin ƙwari na Sniper, da shi kuma ake haɗa fiya-fiya. Irin waken da Turawa suka ƙi shi muke awo a mudu, mu yi ƙosai da alale da ɗanwake.

Ba sai an yi nisa ba wajen gano dalili. Ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwai, in aka yi sake cikin 'yan watanni buhu ya koma gari. Ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa da kaka yana jiran farashi ya tashi, sai ya yayyafa magani ya ɗinke buhu. Tsoron asararsa gaskiya ne, amma maganin ba na zubawa a abinci ba ne.

Dichlorvos yana toshe wani sinadari da ke tsayar da saƙon jijiyoyi bayan ya isar da aikinsa. Idan saƙon bai tsaya ba, hanji ya yi ta murɗawa: amai, zawo, dalalar miyau, gumi, wani lokaci har numfashi ya gagara. Wannan ita ce illar da ake gani nan take.

Wadda ta fi damuna ita ce ta ɓoye. A babban hanji akwai ƙwayoyin halitta masu amfani bila'adadin. Su ke narkar da dusar wake da cikinmu ya kasa narkarwa, su fitar da abin da bangon hanji ke rayuwa a kansa, su taimaka wa garkuwar jiki. Binciken da aka yi a kan ɓeraye da magunguna 'yan gida ɗaya da dichlorvos, kamar chlorpyrifos, ya nuna suna dagula daidaiton waɗannan ƙwayoyi, suna raunana bangon hanji. Wake na cikin abincin da ya fi ciyar da su, sai ga shi an mai da shi motar dakon guba.

A 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper barkatai. Hani kaɗai ba ya kashe ƙwaro, dole a ba mai ajiya mafita, kuma tana nan. Buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, leda biyu ne masu kauri cikin buhu ɗaya. A shanya wake ya bushe sarai, a ɗaure kowace leda daban, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu ba ɗigon magani. Durom ko jarka mai murfi gam ma aikin ke nan, muddin an cika ta har baki.