Auren Viyana na 1760 a Bangon Fadar Schönbrunn

A wani babban zaure na fadar Schönbrunn da ke Viyana akwai jerin manyan zane-zane da Martin van Meytens da almajiransa suka yi na auren Yarima Joseph, magajin Sarauniya Maria Theresa, da Gimbiya Isabella ta Parma a watan Oktoba na 1760. Duk mai son sanin yadda sarakunan Turai na wancan zamani ke aurar da 'ya'yansu, nan ya kamata ya tsaya, domin al'adar tasu kacokan a kan daraja take: kowa ya zauna a gurbinsa, idon jama'a kuma ya shaida. Tun amarya ba ta baro ƙasarsu ba aka ɗaura aure ta hannun wakili, aka kuma tura Yariman Liechtenstein ya ɗauko ta. Ranar da ta shiga birni, kekunan doki sama da 90 ne suka yi mata rakiya, kowane a inda muƙamin mai shi ya ajiye shi. Ranar 6 ga wata aka shafa wa auren albarka a cocin Augustin. Wajen walima a fadar Hofburg kuwa, iyalan sarauta ne ke zaune suna ci da kwanonin zinariya, manyan fadawa na yi musu hidima, ɗaruruwan baƙi na tsaye suna kallo. Samun izinin wannan tsayuwa ma girma ne.

Hidimar tana da dalili. A lokacin Ostiriya na tsakiyar Yaƙin Shekara Bakwai da Furusiya, kuma a 1756 ne ta ƙulla ƙawance da tsohuwar abokiyar gabarta, Faransa. Isabella jikar Sarki Louis na 15 ce, saboda haka kowane doki a jerin nan saƙo ne ga aminai da maƙiya cewa ƙawancen ya zama surukuta, baitulmali kuma bai bushe ba.

Wani zai ce bai dace a kafa hujja da zanen da fada ta biya kuɗinsa ba, kuma yana da abin kamawa. An share gidajen birnin daga zanen shigowar amarya don jerin ya fito cikakke. Yaron da ake nuna wa baƙi a matsayin Mozart, a zanen daren kiɗa, shekararsa huɗu kacal lokacin bikin, sai a 1762 ya fara zuwa Viyana. Amma abin lura shi ne inda aka yi sassaucin. Gini da fuskar ɗan kallo ba su dami kowa a fada ba. Wurin zaman jakada ko na ɗan sarki fa, a fadar da ake ɓatawa saboda wa zai riga wani shiga ƙofa, ba abin da mai zane zai taɓa ba ne, domin waɗanda ya zana suna raye, kuma za su zo su nemi kansu a jikin bangon.