Gaskiya ko Jita-jita: "Mu Ma Haka Anka Yi Muna"

A ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum, idan maƙwabci ya leƙo ta dangar gida ya ce, "Malam, a yi haƙuri, dukan ya isa haka nan," kusan kowa ya san amsar da zai ji: "Mu ma haka anka yi muna, mi ya same mu?" Maganganu biyu ne cikin wannan amsa. Ta farko, duka ba ya illa. Ta biyu, abin da uba ya yi wa ɗa, shi ɗan zai yi wa jika, babu makawa. Dukansu sun cancanci a auna su.

A shekarar 2016 masu bincike biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara nazarce-nazarce na shekaru kusan hamsin da suka shafi yara fiye da 160,000. Ba su sami shaidar cewa duka yana ƙara wa yaro biyayya mai ɗorewa ba. Abin da suka samu shi ne yaran da ake yawan duka sun fi faɗa, sun fi taurin kai, sun fi fama da damuwa. Wani zai ce wannan zancen Turawa ne. To, malamanmu sun riga su. Ibn Khaldun, tun ƙarni na 14, ya ware babi guda a Muƙaddima yana bayyana cewa tsanantawa kan ɗalibi tana koya masa ƙarya da yaudara, don ya tsira daga hannun da ke kansa. Ibn Sahnun na Ƙairawan, malamin mazhabar Malikiyya da muke bi, ya taƙaita wa malamin makaranta bulala uku, kuma ya hana taɓa fuska da kai. Sannan kowane almajiri ya san Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, Manzon bai taɓa ko da tsawata masa ba. Duk wanda ya ɗaure yaro a turke, ko ya ƙona masa hannu don ya saci nama a tukunya, ba daga waɗannan ya koyo ba.

Akwai wani abu da ya keɓanta da wannan yanki, wanda ba a cika haɗa shi da maganar duka ba. A 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare a cikin gida: 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Duza a Anka, daga baya kuma Bagega. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka sha magani. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa, an zuba sabuwa. Amma dalmar da ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri tana barin tabo: jinkirin fahimta, mantuwa, rashin natsuwa, saurin fushi. Yaron da aka aika ya manta saƙo, ko aka biya masa allo sau goma bai riƙe ba, ana ce masa daƙiƙi ko mai kunnen ƙashi, a bi shi da dorina. Ba kowane yaro marar ji ne dalma ta taɓa ba, amma a waɗannan ƙauyuka bai kamata a yanke hukunci ba a tuna da ita ba. Kuma waɗancan jarirai na 2010 yau samari ne da 'yan mata, wasunsu har sun fara goyo. Su ne suka fi kowa buƙatar a taya su reno.

Sai magana ta biyu, wadda na fi jin nauyinta, domin har masu ilimi suna maimaita ta: wai wanda aka zalunta yana yaro, shi ma sai ya zalunci nasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji su. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki, haɗarin ya fi yawa ga wanda ya tashi cikin azaba. Amma a 1987 Joan Kaufman da Edward Zigler na Jami'ar Yale sun sake duba alƙaluman da ake kafa hujja da su, suka kimanta cewa kusan kashi 30 cikin ɗari ne ke maimaita abin. Ke nan kusan bakwai cikin goma ba sa yi. Yadda kuskuren ya samo asali ma abin lura ne: an riƙa tambayar iyayen da aka riga aka kama da laifi, sai aka ji yawancinsu sun sha wuya suna yara. Ba wanda ya je ya ƙirga ɗimbin waɗanda suka sha wuyar amma suka riƙe 'ya'yansu da tausayi, domin su ba sa zuwa gaban alƙali.

Me ya bambanta su? Wani nazari da Byron Egeland da abokan aikinsa suka wallafa a 1988, kan iyaye mata a Minnesota, ya nuna cewa waɗanda suka tsinke igiyar galibi sun sami ɗaya daga abubuwa uku: wani babba da ya nuna musu ƙauna suna yara, ko wanda ya zauna da su suka amayar da abin da ke ransu, ko miji mai kwantar da hankali. Na farkon nan ba baƙonmu ba ne. Kaka ce da yaro ke gudu ɗakinta, goggo ce da ke cewa "bar mini shi ya kwana biyu wurina," kawu ne, malamar Islamiyya ce. Abin tsoron shi ne rashin tsaro yana wargaza daidai wannan garkuwa. Iyalin da 'yan bindiga suka kora daga ƙauye zuwa cikin garin Anka ko Gummi, kaka tana wani gari, uba ba gona, uwa tana ɗaki ɗaya da yara shida. A irin wannan matsi ne hannu ke saurin tashi.

Kan lalata da yara kuwa, jita-jitar ita ce baƙo ne ke yi, kuma 'ya mace kaɗai abin ke samu. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata, kuma galibi a hannun wanda suka sani. Waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Dalilin wannan ƙarancin mun san shi: "A rufa asiri, kada ta rasa miji." Ana kiran dattawa, a karɓi ban-haƙuri, wani lokaci da 'yan kuɗi, a ce magana ta mutu. Wanda aka rufa wa asirin shi ne mai laifin, kuma gobe yana nan cikin unguwa tare da 'ya'yan wasu. Ita kuma yarinyar lokaci yana ƙure mata. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Kwana ukun da aka ɓata ana shawarar yadda za a ɓoye su ne kwana ukun da likita ke buƙata. A kai yaro asibiti tukuna, a tafi da tufafin da ke jikinsa ba a wanke ba, sauran magana ta biyo baya. Idan kwanakin sun wuce ma a je, akwai raunuka da cututtukan da ake magancewa.

"To ina za mu kai ƙara? Babu doka, babu mai saurarenmu." Rabin farko ba gaskiya ba ne. Tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Zamfara ta daɗe ba ta karɓa ba, amma a watan Agustan 2022 Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha. Rabi na biyu kuwa ba zan ce ƙarya ba ne gaba ɗaya. Ofisoshi suna fama da ƙarancin ma'aikata da kuɗin mota, hanya kuma ba kullum take biyuwa ba. Duk da haka ƙofofi suna nan. Akwai babban asibiti a Anka, da Gummi, da Bukkuyum. Akwai sashen jin daɗin jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma, da ofishin 'yan sanda, da Hisbah. A Gusau akwai ma'aikatar harkokin mata, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, da lauyoyi mata na FIDA masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ga wanda Sakkwato ta fi masa sauƙi, cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru tana duba waɗanda aka yi wa fyaɗe. Sarauta ma hanya ce, daga mai unguwa zuwa hakimi zuwa fada. Sarkin Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, ai tsohon Babban Alƙalin Babban Birnin Tarayya ne. Sai dai a rarrabe: uban da ya cika zafin hannu ana iya zaunar da shi gaban liman da mai unguwa, a yi masa nasiha, a sa ido. Fyaɗe, ƙuna da karaya kuwa ba na sulhun zaure ba ne, na asibiti ne da kotu.

Ba lallai sai uwa ko uba ne za su kai magana ba. Maƙwabciya, malamin makaranta ko ma'aikaciyar ɗakin shan magani duk suna iya yi. Idan yaro ya buɗe baki, kada a rufe shi da tambayoyi ko a ce "me ya kai ka can?" A saurare shi, a gaya masa ba laifinsa ba ne, a tabbatar daren nan bai kwana inda wanda ya cutar da shi zai iya kaiwa gare shi ba, da safe kuma a nemi mutum na biyu mai mutunci a tafi tare.