Yadda A Ke Buga Zane A Sayar

Duk wanda ya tashi a Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, ya san aikin mai zayyana. Ya kan yi kwana da kwanaki a kan allon mai sauka guda ɗaya, in ya gama a biya shi ya miƙa, shi ke nan aikinsa ya tafi. In wani ya zo neman irinsa, sai ya koma tun daga farko. To, akwai dabarar da mutum zai yi wahala sau ɗaya, ya sami zane ashirin ko hamsin, duk kama ɗaya.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ƙwarai, gama dukawan Sakkwato sun daɗe suna buga ado a jar fata da ƙarfe, hatimin alƙali ma haka ya ke aiki. Sai ka sami katako mai santsi, kamar na aduwa wanda a ke yin allo da shi, ka zana abin da ka ke so. Sa'an nan ka sa wuƙa mai kaifi ka sassaƙe duk inda ba ka so tawada ta taɓa, ka bar zanen a tsaye. Ka shafa tawada, ka ɗora takarda, ka goge bayanta da bayan cokali, kāna ka ɗaga a hankali. Tawadar allo ta cika ruwa, ta kan malala cikin ramukan, sai dai mai kauri irin ta maɗaba'a.

Amma fa komi ya kan fito a juye, dama ta koma hagu. Ran da na fara gwadawa na rubuta sunana daidai a kan katakon, da na ɗaga takarda sai yaran da ni ke koya wa suka fashe da dariya, don ba mai karanta shi sai da madubi.

A Jamus an yi wani gwani, Albrecht Dürer, wanda a 1515 ya buga hoton karkanda, alhali bai taɓa ganinta ba, labarinta kurum ya samu a wasiƙa da ɗan zane. Aka sayar da dubbai, matarsa ma ta kan kai aikinsa kasuwa. A ƙasarmu kuwa, Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Zariya, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a can a 1958, da bugun nan ya yi suna har ƙasashen waje.

Wurin sayarwa nan ne a ke gane mai gaskiya. Al'adar masu wannan sana'a ita ce, tun kafin ka fara ka yanke yawan da za ka buga. In ashirin ne, sai ka rubuta da fensir a ƙarƙashin kowace takarda 1/20, 2/20, har ƙarshe, ka sa hannu. In sun cika sai ka karce katakon ya lalace. Da fari na ga wannan kamar ɓarna ce, ga abin kuɗi a hannu. Amma mai saye ya biya ne don an gaya masa ashirin kaɗai ke duniya. In ya je kasuwa ya tarar da na ɗari, an ci amanarsa, ba kuwa zai sāke dawowa ba.

Kuɗin kowace takarda lalle ya kasa na zanen hannu, amma ka lissafa takarda, da tawada, da kwanakin sassaƙa, da waɗanda suka ɓaci, gama cikin goma da wuya a rasa mai dabbare. Ka kuma duba abin da mutanen wurin ke so. A ƙasar Sakkwato da yawa ba su son rataya hoton mai rai a ɗaki, saboda haka ni da zayyana da dagi zan fara.