Magana kaɗan kafin a ɗauki famfon feshi

A shekarar 2004 fara ta sauka a ƙasar Kurfai da sauran yankin Filinge. Ta cinye hatsi da wake da ciyawar dabbobi, yunwa ta biyo baya a 2005. Saboda haka manomi ba ya wasa da fara, ko tsutsar hatsi, ko ƙwarin wake. Da ya gan su sai ya nemi magani. Amma maganin da ke kashe ƙwaro dafi ne, kuma ba ya bambanta ƙwaro da mutum.

Ma'aikatar kare tsirrai ta horar da masu feshi a ƙauyuka da dama. Horon yana da amfani, sai dai kwanaki kaɗan ne, mutum kuwa mai mantuwa ne. Shi ya sa muke kira ga kowane shugaban masu feshi, daga Shikal har Luma, da ya tara mutanensa kowace safiya a bakin gona. Minti 5 sun isa. Wannan al'ada ce ta manyan ma'aikatu masu hatsari, irin mahaƙar yuraniyom ta Arlit, kuma gona ba ta fi ƙarfinta ba.

Da farko ya ɗebi ƙasa ya watsa sama, kowa ya ga inda iska ta nufa. Ana soma feshi daga gefen gonar da iska ke nufa, a ratsa iskar ta gefe, don kada mutum ya shiga cikin abin da ya fesa. Da safe ake yi, ko da la'asar. Tsakar rana zufa tana yawa, fata kuwa ta nan dafi ya fi shiga jiki. Mutane da yawa suna zaton sai an sha shi yake cuta. Ba haka ba ne.

Sannan ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya: riga mai dogon hannu, wando, takalman roba, safar hannu, abin rufe hanci. Rawani ba ya maye gurbin abin rufe hanci. In ya jiƙe da magani, mai shi yana shaƙar dafi har yamma. Famfon da ke yoyo a bayan mutum a ajiye shi. In bakinsa ya toshe, kada a hura da baki. Goro da taba da ruwan sha su jira sai an wanke hannu da sabulu.

Ya tambaya kuma: wa ya gaya wa makiyaya da mata masu ɗibar ganyen miya cewa yau za a fesa wannan gona?

Alamun dafi a riƙa maimaita su kullum: ciwon kai, jiri, zufa mai yawa, yawu, amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance. Wanda ya ji haka a fitar da shi daga gona, a tuɓe masa tufafi, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ba shi nono, domin nono ba ya karya wannan dafi. Kada a sa shi amai. A kai shi gidan likita mafi kusa ko asibitin Filinge, tare da jarkar maganin, don likita ya karanta sunansa ya san allurar da ta dace.

Jarkar da ta ƙare a huda ta a bakin gona. In ta isa gida lafiya, gobe za a zuba mata ruwa ko fura.