Saka wasa a waya: wane nau'i ya dace, kuma daga ina?

Wasan waya ɗaya kan zo da nau'i fiye da ɗaya. Free Fire, alal misali, yana da na gama-gari da kuma Free Fire MAX da ya fito a 2021, wanda ya fi nauyi. Yawancin wayoyin da ke hannun matasa a Anka, Gummi da Bukkuyum Tecno ne ko Itel ko Infinix, kuma ƙananansu masu RAM 2GB sukan yi zafi su riƙa tsayawa idan aka ɗora musu babban nau'i. Don haka a fara duba ƙarfin wayar da wurin ajiyar da ya rage.

Inda aka samo wasan ya fi komai muhimmanci. Tsadar data da raunin sabis na sa mutane karɓarsa ta Xender ko a shagon masu caji da tura fina-finai. Fayil ɗin wasan (APK) da ya bi hannuwa da yawa ba a san wanda ya taɓa shi ba, musamman wanda aka yi wa kwaskwarima da alkawarin kuɗin wasa kyauta. Irinsa na iya zuwa ɗauke da manhajar sata. Wasan waya ba shi da hurumin neman izinin karanta saƙonni, domin ta nan lambar sirrin banki ke shigowa. Wasan da ya nemi haka a goge shi nan take.

Play Store ya fi aminci. A tabbatar da sunan kamfanin da ya ƙirƙiri wasan, kuma a bar Play Protect a kunne, saboda yana bincika har manhajar da aka turo daga wata waya.