Kachala da Kifin Fadamar Haɗeja

Mai sayen banda a Kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna ba safai yakan tambayi inda kifin ya fito ba. Amma ya kamata ya san halin da fadamun Haɗeja da Nguru suke ciki, domin suna cikin manyan wuraren su na Arewa.

A gaɓar Kalifoniya ta Amurka, doguwar ciyawar teku, mafakar kifi, ita ce ta yi ta ɓacewa tun 2014, har mutane suke nutso suna kwashe halittu masu ƙaya da suke cinye ta. A wajenmu kuwa ciyawar ce masifar. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwan da yakan janye da rani ya koma kwance a wurare da yawa. Abin da kachala take so ke nan. Ta toshe magudanai, ta tare kwalekwale, ta zama maɓoyar janbaki mai cinye shinkafa.

Masunta da manoma sun koma ga gayya, suna shiga ruwa da adduna suna sara. Sai dai muddin ma'aikatan ruwa ba su daidaita sakin ruwan madatsun ba, za ta sake tohowa.